Ƙofar Gawa a Mashayar Denzil

Gadon ɗaukar marasa lafiya ya sake maƙalewa a kwanar matakala, alhali ko mutum ba a ɗora a kansa ba tukuna. Ma'aikaciyar motar asibiti ta ja Morwenna, mai gidan burodin da ke manne da mashayar, gefe guda, ta ce mata zuciyar Denzil, tsohon mai mashayar da ke kwance a bene, ba za ta jure a miƙar da shi tsaye ba. Dole a kwance zai sauko, kuma yanzu.

Matakalar kuwa tun zamanin jiragen ruwa masu filafilai take, a murɗe kamar gidan dodon koɗi, dutse dama dutse hagu. Hukuma ta daɗe da sa ginin cikin waɗanda ko ƙusa ba a buga musu sai da izini, Denzil kuma ya fi hukumar tsanani. Yau ko an samu izinin, dutse ba zai matsa ba.

Jago kafinta, wanda tun hantsi yake zaune da kofinsa, ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin, tsakanin baƙaƙen azara biyu. Morwenna ta gane nufinsa. Duk garin an san katakon wurin ɗagawa ake yi, tsawon mutum daidai. Magabata sun bar shi ne don sauko da akwatin gawa daga bene.

Morwenna ta hau benen. Denzil na kwance, fuska ta yi fari fat, gumi ya jiƙa matashi, amma kunnensa ras. Ya riga ya ji ana naɗe dardumar da ta rufe katakon.

"Ubana ta nan ya fita," ya ce. "Matata Tamsin ma da hannuna na saukar da ita. Ban taɓa ganin wanda ya bi ta nan ya dawo ba."

"Su ai sun riga sun mutu, tsohon banza. Kai ga bakinka nan bai mutu ba."

Ya so ya yi dariya, ciwo ya tare shi. Ta roƙe shi, ta zage shi, ta tuna masa shekarun da ya yi yana cin burodinta yana kushewa. Ita kanta tsoro ya cika ta, don ba ta san ko ceto take tura shi ko kabari ba.

Da ƙyar ya yarda, amma da sharaɗi. A al'adar garin, gawa ce ake fitarwa da ƙafafu a gaba.

"Ki ce musu kaina zai fara fita ƙofa, maƙwabciya."

Ta yi masa alkawari, ta kuma leƙa ƙasa ta faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Jago ya ɓanɓare katakon, warin tsohuwar giya da toka ya taso. Aka ɗaure Denzil a gadon, aka zura igiyoyi, maza suka riƙe. Morwenna ta durƙusa a bakin ramin tana riƙe da hannunsa har inda nata ya kai, sannan ta saki. Yana sauka yana kallonta, yana gargaɗin a kula kada a kankare masa azara.

Gadon na taɓa ƙasa, muryar Denzil ta yanke. Ma'aikaciyar ta duƙa a kansa tana danna ƙirjinsa, ta daɗe tana yi, har ba a jin komai a mashayar sai numfashinta. Daga baya ta zauna a kan dugaduganta. Denzil ya cika.

Jago ya cire hularsa. Ya kama gefen gadon, sauran suka kama, suka juya shi a hankali har ƙafafun suka fuskanci ƙofa. Morwenna na durƙushe a sama, hannunta har yanzu a cikin ramin.