Nauyin Burodin Gwaggo Leonor

Farfesa Ocampo ba ya yarda da maganar kowa, ko uwarsa ce ta yi magana sai ya nemi hujja. Ya umarci ɗaliban ajin ƙididdiga kowa ya nemo wani iƙirari a garin Kali ya gwada shi da samfur talatin, ya kuma rubuta iyakar kuskuren da zai lamunta tun kafin ya ga sakamako. Shi da kansa zai karanta aikin kowa a gaban aji.

Yurani, saboda tsabar son jiki, ta zaɓi shagon Gwaggo Leonor da ta raine ta. Allon shagon ya ce kowane burodin cuku giram sittin ne, kuma rabin ajin a can suke karya kumallo. Iyakar kuskure ta rubuta kashi biyar cikin ɗari, kamar kowa.

Wautar farko, ta gaya wa Gwaggo. Matar da ba ta taɓa miƙa wa ɗan gida ƙaramin burodi ba ta tsinto mata talatin masu kumatu, har da gyara. Matsakaicin nauyinsu ya tashi saba'in da takwas. Farfesa ya ce wannan ba samfur ba ne, son kai ne, ta sake.

Sai ta tura ƙawayenta suka sayo kamar baƙi. Matsakaici ya faɗo hamsin da bakwai. Ta buga lissafi: in da gaske sittin ne, yiwuwar samun irin wannan ragi kashi uku ne kacal cikin ɗari. Uku bai kai biyar ba, wato lissafi ya ƙaryata allon Gwaggo, kuma gobe za a karanta a gaban masu sayen burodinta.

Yurani ta koma kan iyakar kuskuren da ta rubuta. Ta goge biyar ta rubuta ɗaya. Nan take uku ya zarce iyaka, Gwaggo ta tsira da "babu isasshiyar hujja".

Farfesa ya karanta, ya daɗe yana kallon wurin gogewar. Ya ce wa aji rashin hujja ba wanke mutum ba ne, ya ba ta maki mafi ƙanƙanta da ake tsallakewa da shi.

Ta dawo gida tana taƙama, ta tarar da Gwaggo tana murza ƙullu.

"Gwaggo, jami'a ta wanke ki. Burodinki sittin ne cif."

Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta gutsure ɗan ƙullu daga wanda ke hannunta ta mayar cikin kwano.

"To jami'ar taku ba ta iya awo ba, 'yar nan. Tun shekarar da kika shiga na rage su. Kin zaci da me kike karatun?"