Watan da Auta Ta Ce Su Zo

Shekara tara Auta ta yi a teburin karɓar baƙi na wani otal a bakin teku, kuma ko sau ɗaya bakinta bai furta kalmar damina a waya ba. Dokar manaja ce. Duk wanda ya bugo yana tambayar yanayin wata kaza, amsa ɗaya ce: ɗan yayyafi da asuba, sai rana ta buɗe. Haka take faɗa, ko da bokiti uku na tarar ruwa a bayan kujerarta.

Ranar da Yayanta ya kira, wayar ofis na ta ruri, manaja kuma na tsaye a kanta. Ya ce Baba ya matsa sai ya ga teku da idonsa kafin ƙarfi ya ƙare. Likita ya yarda, muddin sanyi da danshi ba za su taɓa ƙirjinsa ba.

"Wata mai kamawa ya yi, Auta?"

"Ɗan yayyafi ne da asuba, Yaya, sai rana ta buɗe."

Sai da ta ajiye wayar ta ji abin da ta faɗa. Da yamma ta kira don ta gyara, ta tarar Baba ya riga ya zaga dangi yana sallama, har da ɗinka sabuwar riga. Kunya ta kama ta, ta yi gaisuwa ta kashe. Ta ce wa ranta ƙila bana a samu sauƙi, alhali ta san ƙarya take yi.

Kwana shida suka yi a otal ɗin, sama ba ta ɗauke ba. Tawul ya ƙi bushewa, ƙofar ɗakin ta kumbura sai an sa kafaɗa, takalmin Baba ya yi funfuna. Taku ɗari ne zuwa tekun, amma ta taga ba ka ganin komai sai toka-toka. Can Baba yake wuni cikin bargo yana sauraren rugugin ruwa. A kwana na huɗu tari ya kama shi, ya sauka ƙirji.

Mai shara ce ta tona, ba da wata manufa ba. Ta ce wa Yaya ai wannan watan ko masunta janye jiragensu suke yi.

Da safen tafiya ya tsare Auta a gaban teburin, jaka a hannu.

"Kin sani?"

"Na sani, Yaya."

"Uban da ya haife ki?"

Ta dubi Baba da ke tsaye a bayansa yana tari. Ta so Baba ya zage ta, ko ya ɗaga mata sanda, da ta ji sanyi. Shi kuwa sai da tarin ya lafa, ya lallaɓo ya ɗora makullin ɗaki a kan teburin, daidai inda ya ga sauran baƙi na ajiyewa.

"Ƙyale ta," ya ce da Yaya, bai ko dube ta ba. "Yarinyar ta iya aikinta."