Ƙarin Mako Guda

Shekara shida Sadisu ya yi yana lanƙwasa ƙafafun mutanen Abuja, amma da za ka tara su ka ce su faɗi sunansa, ba za ka samu mutum biyar ba. Mataimaki ne a sashen gashin ƙashi na wani asibitin kuɗi a Utako. Oga Nicholas ke duba majiyyaci ya rubuta abin da za a yi, Sadisu ke yi: ya ɗumama gwiwa, ya murza kafaɗa, ya lallaɓa daraktan da ɓarin jikinsa ya shanye har ya koyi riƙe cokali. Ranar da aka warke kuwa, Oga Nicholas ake gode wa. A shekarun nan garin cika yake yana batsewa, ko'ina bene ake ɗorawa, kowa da waya a kunne. Tasa wayar takan yini ba ta yi ƙara ba. In ya tashi aiki sai ɗakinsa na haya a Durumi, inda maƙwabta ke canzawa kafin ka riƙe fuskarsu.

Ana haka aka kawo Baffa Juli, wani dattijon Bafulatani daga wata ruga a bayan Bwari. Bijimi ne ya make shi, ƙugunsa ya karye, likitoci suka sa masa ƙarfe. Ranar farko da Sadisu ya kama ƙafarsa, tsohon ya ƙare masa kallo ya ce, "Yaro, ɗan wane ne kai?"

Sadisu ya yi turus. Rabon da a tambaye shi ubansa tun yana garinsu, Talatar Mafara.

Shi ke nan aka ƙulla. Kullum sai Baffa ya tambayi lafiyar uwar Sadisu kamar ya santa. In an kawo masa fura da nono, ba ya sa ludayi sai Sadisu ya zo. Ga tsiya kuma: da aka miƙa masa ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ture shi ya yi, wai tafiya da ƙafa huɗu aikin shanu ne. Sadisu ya sa aka kawo masa sandarsa ta kiwo. Kafin mako uku tsohon yana kai ƙarshen baranda ya dawo, ko haki ba ya yi.

Ranar Litinin Oga Nicholas ya tsaya a bakin gado da takarda a hannu. "Sadisu, wannan Baba ya yi ready? Mu sallame shi?"

Sadisu ya san amsar sarai. Amma ya hango gadon nan babu kowa, ya hango kansa yana cin abincin rana a bayan janareta shi kaɗai kamar da. Kaɗaici mugun mai ba da shawara ne. Cikin Turanci, don kada tsohon ya ji, ya ce ƙafar tana rawa a kan matakala, a ƙara mako guda. Oga ya rubuta ya wuce, don bai taɓa kama shi da ƙarya ba.

Ranar Laraba Lukmanu, babban ɗan Baffa, ya zo fuska ba walwala. Masu gina rukunin gidaje sun kafa duwatsun iyaka a wurin da rugar take, an ce su tashi kafin Juma'a. Za su nausa da shanu wajen Nasarawa. Tunda asibiti ya ce ƙafar ba ta yi ba, sun yanke a bar Baffa a hannun wata 'yarsa da ke aure a Bwari.

"A ɗaki?" in ji tsohon. "A cikin gari?"

Ya juya fuska bango. Mutumin da aka tsaga wa ƙugu bai yi ko wash ba, yau furar ma ya ƙi kallo.

Sadisu ya tsaya riƙe da tawul, kunya ta rufe shi har wuya. Ya san abin da ɗaki yake yi wa mutum, shi da yake kwana a cikinsa. Ya taka zuwa ofishin Oga Nicholas ya faɗi gaskiya ba kwana-kwana. Oga ya cire tabarau ya dube shi.

"Me ya sa? Wannan ba halinka ba ne."

"Shi kaɗai ke gaishe ni, Oga."

Oga ya buɗe baki zai yi faɗa, ya fasa. Ya zo da kansa ya sa tsohon ya hau matakala ya sauko sau biyu, ya sa hannu a takardar sallama, ya ce kada a kuma.

Sadisu ne ya raka su bakin ƙofa da hantsi. Ya so ya nemi gafara, tsohon ya riga shi.

"Ba na jin Turanci, amma ina jin muryar mai ƙarya. Na yafe. Ka je gida ka ga uwarka, yaro. Garin nan ba ya riƙe mutum."

Baffa ba shi da waya, inda za su kuma ba shi da adireshi. Sadisu ya rasa abin da zai ba shi, sai ya ba shi abin da ya iya. Ya gyara masa riƙon sanda ya ce, "Baffa, sanda ta fara, sannan ƙafar ciwo. Kuma in kana tafiya kada ka waiwaya, murɗa jiki yana gurɗa sabon ƙugu."

"To, likita," in ji tsohon.

Ya sa sanda, ya sa ƙafa, ya bi bayan ɗansa zuwa tashar mota. Sadisu ya tsaya a rana yana jira ko zai karya doka sau ɗaya. Amma Baffa Juli majiyyaci ne mai jin magana. Har motoci suka shiga tsakaninsu bai waiwayo ba.