Sanyin da Malam Labbo Ya Ƙi

A shekarar da Turawan da suka gina madatsar Bakolori suka fara tattara komatsansu, Maiwada yana aikin tafinta a ofishin kamfanin da ke Talata Mafara. Wani injiniya da ya daɗe yana yi wa fassara ya bar masa tsohuwar iyakwandishan ɗinsa, na'urar sanyaya ɗaki. Aka fasa bangon ɗakinsa na kwatas aka cusa ta. Ta ɗan taɓa aiki, daga baya ta koma ruri kawai, tana huro iska mai ɗumi da warin jiƙaƙƙen tsumma. Maiwada ya rufe ta da buhu ya fita batunta.

Ana tsakiyar damina aka kawo mahaifinsa, Malam Labbo, daga sabon matsugunin da aka ba su a gefen Maradun, ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar. Fadamar tsohon tana ƙarƙashin ruwan madatsa. Kuma ranar da aka tara mutanen ƙauyensu aka ce su tashi, Maiwada ne ya tsaya kusa da Bature yana juya maganar zuwa Hausa. Tun daga ranar, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Kwanakin nan hadari yakan haɗu ya ƙi zubowa. Gumi ya hana kowa sakat. Tsohon yana kwance a tabarma yana haki, Taibatu matar Maiwada tana yi masa fifita har hannunta ya sage.

Ran Asabar da hantsi Maiwada ya yaye buhun. Ya sha ganin yadda masu gyaran kamfani ke yi. Ya zare fulogi, ya kwance murfin gaba, ya zaro soson da ke tace ƙura. Ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri kamar bargo. Ya jiƙa shi a bokiti da garin sabulu, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya shanya a inuwa. Sannan ya ɗauki tsohon buroshin haƙora yana bin siraran ƙarafan ciki a hankali don kada su lanƙwashe. Ɗaya ya yanke shi a yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba. Da ya zagaya bayan ɗaki sai ya tarar zanzaro ya toshe ramin da ruwa ke fita da laka. Ya zura waya ya sokace, wani ruwa mai yauƙi ya tsiyayo masa a riga.

"Maigida, ka ci abinci mana," in ji Taibatu.

"Bari in gama. Yau Baba zai yi barci."

Bayan azahar ya mayar da komai ya kunna. Ta yi tari, ta girgiza, sai ga sanyi mai tsabta yana sauka. Maiwada ya tsaya a gabanta yana dariya shi kaɗai. Ya je ya tallabo mahaifinsa, ya kwantar da shi a kan gadonsa.

Malam Labbo ya lumshe ido. Numfashinsa ya lafa, har Maiwada ya zaci barci ya ɗauke shi. Can sai ya ce, "Wanga abu na wa ne?"

"Nawa ne, Baba. Injiniya ya ba ni da zai tafi."

"Wane? Mai jan gemun nan da ya tsaya bisa gonata kana riƙe mai laima?"

Tsohon ya nuna na'urar da yatsa.

"Kashe shi."

"Baba, likita ya ce zafi na ƙara maka ciwo."

"Ina da tsamiya bakin gulbi. Shekara da shekaru ina shan sanyinta, ban roƙi kowa ba. Kun nutsar da ita, yanzu ka kawo min sanyi cikin akwati in yi godiya? Kashe shi, Maiwada."

Ya kashe. Tsohon ya dafa bango ya fita da kansa, ya ƙi a riƙe shi, ya koma tabarmarsa cikin gumi. Washegari ya ce a kai shi Bakura wurin 'yarsa Suwaiba. Maiwada ya roƙa, Taibatu ta durƙusa ta roƙa, tsohon ya ce ya riga ya faɗa.

Bai kai kaka ba ya rasu. Maiwada ya iske an riga an fito da shi, ya bi sahu aka yi salla aka kai shi makwanci. Da mutane suka ragu ya shiga cikin gida wurin ƙanwarsa.

"Ya bar mini wani saƙo?"

Suwaiba ta shiga ɗaki ta fito da wata fartanya, ƙotarta ta yi sumul don riƙo. Ta ajiye a gabansa.

"Ya ce a ba ka wannan, Yaya. Ya ce ita kaɗai ta rage, sai dai bai san inda za ka yi noma da ita ba."