Baƙin Mai a Kujerar Gaba

Duk tashar Malbaza ba motar da ta kai Fijon Ɗalha wari, shi ma bai taɓa musu ba. Sanyin shekarar kaf ya cinye shi yana jigilar albasa da awaki zuwa Ƙonni, gilasai a rufe ruf, har fitsarin akuya da ruwan ruɓaɓɓiyar albasa suka shige kujeru suka yi zamansu. Bayan motar kuwa garin siminti ya kama shi ya daskare.

Surukinsa Malam Chindo, mahaifin matarsa Zalika, bai taɓa sa ƙafa a motar ba. Ko daga kasuwar Dogarawa ya fito, gara ya hau amalanken jaki. Bai taɓa faɗin dalili ba, shirun nan ne kuma ke cin Ɗalha. Saboda haka da aka ce tsoho na hanyar dawowa daga Makka, sai ya lallaɓi Zalika ta roƙar masa alfarmar ɗauko shi daga Ƙonni, inda bas ɗin Yamai ke sauke alhazai. Gidan suka yarda.

Ranar jajibirin dawowar tsohon Ɗalha ya kai mota bakin rijiya. Ya ciro kujeru ya shanya, ya zuba omo ya dirje ƙasa da soso har hannunsa ya saɓule, ya kankare siminti da tsohon cokali. Ya sayo wani gwangwanin feshi na ƴan Najeriya mai ƙanshin lemo, ya feshe ko'ina. Warin ya tafi. Abin da ya rage kujerar gaba ce, fatarta ta koɗe ta tsattsage kamar faso a diddige.

Nan Labo, wani direban da ba ya rasa shawara ko ba a tambaye shi ba, ya ce ai wannan ba komai ba ne, a dama baƙin man takalmi da ɗan gazuwal, wato man dizal, a shafe, kafin safiya ta koma sabuwa. Ɗalha ya shafa bai yi rowa ba. Kujera ta yi baƙi wuluk tana ƙyalli, har ya ja baya yana kallonta da murmushi.

Washegari Alhaji Chindo ya sauko daga bas cikin farar jallabiya sabuwa fil. Ɗalha ya durƙusa ya gaishe shi, kai a ƙasa yadda ake yi wa suruki, ya buɗe masa gaba. Suka kama hanya, rana na dukan gilashi, mota ta ɗau zafi. Zuciyar Ɗalha fari tas.

A ƙofar gida jama'a sun cika, kowa na son ya rungumi sabon alhaji ya samu albarka. Ɗalha ya zagayo ya buɗe ƙofa. Tsoho na ɗagowa Ɗalha ya gani: daga kafaɗa har ƙasa bayan jallabiyar ya zama baƙi, har da zanen tsagar kujera. Ta yaya mutum zai ce wa surukinsa ya duba mazaunansa, a gaban gari?

Alhaji ya kai hannu baya, ya dubi yatsunsa, bai dubi Ɗalha ba. Ya ware mayafinsa ya yafa, ya ja da baya-baya zuwa bangon zaure ya zauna ya jingina. Daga nan bai ƙara motsi ba. Masu runguma suka koma miƙa hannu. Da maigari ya iso, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, Alhaji bai miƙe ba, ya ce ƙafafu ne. Ɗalha na tsugune a gefe ya ji wasu na raɗa, wai tun yanzu Makka ta sa wa Chindo girman kai. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige, ga shi ba halin ya tashi ya wanke tsohon ba tare da ya tona abin da tsohon ke rufewa ba.

Sai da azahar ta kwashe mutane Alhaji ya shige ciki ya sauya kaya. Ya kira Zalika ya miƙa mata jallabiyar a naɗe, ya ɗaga murya daidai yadda Ɗalha zai ji daga zaure.

"Ki ce ma maigidanki na ga wahalad da ya sha, motar ba ta wari. Ran Juma'a shi taho shi kai ni masallaci. Amma da buzuna na salla za ni zo, in shimfiɗa bisa kujera."

Ɗalha ya fita. Ya nemi tsumma da ruwan zafi, ya durƙusa gaban kujerar yana gogewa, baƙin yana ta fita ba ya ƙarewa.