Ƙarar Injin Baba Maƙeri

"Riƙe min wayar lantarkin nan, 'yata. Hannun ya fara rawar tasa."

Na ajiye ɗinkina na riƙe masa. Bango ɗaya ne ya raba shagona da na Baba Maƙeri. Duk rayuwarsa cibiyar ƙafafun keke da na baro yake ferewa a injin hannu, har rawar hannu ta kore masa masu kawo aiki. Matarsa ta rasu, ɗansa kuwa sai a waya, wayar ma sai ya ga dama. Shi ne tsohon ya tattaro tarkace: tsohuwar kwamfuta, ƙananan motoci masu juya inji da ya ciro daga matattun injinan buga takardu, da sandunan ƙarfe na gwangwan, wai zai haɗa injin da kwamfuta za ta riƙa juya wa wuƙa.

"Baba, wannan abin ko fensir ba zai fere ba," na tsokane shi.

"Ki bari ya fitar min da cibiya ɗaya madaidaiciya, a daina cewa na ƙare."

Wata da watanni injin yana cin ƙarfe yana fitar da shi a karkace. Tausayi yake ba ni, amma ban taɓa nuna masa ba.

Tun da ciwon ƙirji ya kama shi muka yi yarjejeniya. "In kin ji ƙarar aiki, ina nan lafiya," in ji shi. "In kin ji shiru, ki leƙo."

Ran nan da hantsi na ji injin ya tashi da wata ƙara mai daɗi, ba tari, ba karkarwa. Na yi murna, na ce bari in ƙyale tsohon ya more abinsa. Daga ni har shi babu wanda ya tuna cewa wannan injin ba ya jiran hannun kowa.

Sai da rana ta take injin ya yi shiru, na shiga da shayi.

Baba yana kan kujerarsa, kai a sunkuye, hannayen sun daina rawa. Na taɓa shi, ya riga ya yi sanyi.

Wuƙar ta koma kusurwarta ta tsaya. A bakin injin ga cibiyar nan tana sheƙi, sumul, ba karkata ko kaɗan. Na ɗora tafina a kanta. Da sauran ɗuminta.