Kindirmon Gergana da Kajin Kawu Stoycho

Washegarin bikin zagayowar haihuwar Kawu Stoycho, rabin danginsa a birnin Plovdiv suka kwana suna zarya banɗaki. Shi kuwa tuni ya yanke hukunci: kindirmon da maƙwabciyarsa Gergana ta kawo ne.

Da sassafe ya dira ɗakin gwaje-gwajen da 'yar ƙanwarsa Zornitsa take aiki, riƙe da ciki, ya dangwara mata kwalbar kindirmon a tebur.

"Auna min wannan, 'yar nan. Matar nan so take ta ga bayana."

"Kawu, me kuma aka ci?"

"Sai kwaɗon dankalina, da na haɗa da ɗanyen ƙwan kajina. Shi kam lafiya lau."

"Kawo shi ma."

Ya tafi yana ƙunƙuni, ya kawo.

Zornitsa ta shafa kowane a kan jan faranti mai daskararren abincin ƙwayoyin cuta, ta sa a akwatin ɗumi. Kashegari farantin kindirmo na nan fes. Na kwaɗon kuwa ya yi ɗigo-ɗigo masu baƙin ido. Ta tsinci ɗigo guda da siririyar waya ta soka a kwalbar gwaji. Da kwalbar ta kwana, samanta ya yi ja, gindinta ya yi baƙi ƙirin. Salmonela ce, ƙwayar cutar da ake ɗauka daga kaji da ɗanyen ƙwai. Ta yi ta danne dariya har Kawu ya shigo.

"To, ta tabbata?" ya tambaya yana murza gashin baki.

"Ta tabbata. Kajinka ne."

Ya ɗaga kwalbar ya haska ta a taga. "Ba ki musanya su ba kuwa?"

"Kawu!"

"To a bar maganar tsakaninmu."

"Ai ka riga ka shelanta wa unguwa laifinta. Sai ka koma ka warware."

Da yamma Zornitsa ta raka shi har ƙofar Gergana, yana tafe da furanni kamar mai zuwa kotu. Tsohuwar ta saurare shi tsaf, hannu a ƙugu.

"Wato kajin da kake kira 'yan matanka?"

"Su ne," ya ce a sanyaye.

Ta fashe da dariya har da hawaye, ta karɓe furannin. "Shigo, tsohon banza, ka rame. Ke ma shigo, 'yata."

Likitan dabbobi ya duba kajin a makon. Kawu kuwa, har yau ba a barinsa ya taɓa ƙwai a ɗakin girki sai Gergana na tsaye a kansa.